Inda Baffa Sule Ya Koyi Iyo

Wudil, daren Juma'a

A sanar da jama'a: yau ilimin labarin ƙasa da nake taƙama da shi ya sha kaye a hannun tsohuwa mai sanda.

'Ya'yan Gwaggo ne suka turo ni in hana ta zuwa bakin kogi. Duk Juma'a sai ta lallaɓa can ta yi wa yayanta Baffa Sule addu'a, ga ƙafa ta ƙi, sun ce wata rana faɗawa za ta yi. Baffa likitan sojan ruwa ne, ya rasu a teku lokacin yaƙin basasa. Gawa ba ta dawo ba, balle kabari.

Na gyara murya na ce, "Gwaggo, ruwan nan fa ba ya zuwa teku. Haɗeja yake nufa."

Ta ce, "Sannu, shehun malami. Ni na ce maka saƙo nake aikawa? A nan ya koyi iyo, ina riƙe masa riga. Duk garin nan babu mai kamo shi a ruwa."

Sannan ta ce abokan aikinsa sun faɗa wa mahaifiyarsu: da jirgin ya fara nutsewa an yi ta kiransa, ya ƙi fitowa, yana ɗinke cikin wani soja.

"Da ya so, da ya fita."

Har yanzu maganar tana cina. Ban yi daidai ba. Juma'a mai zuwa ni zan kai ta a mota.