Gidan da Mota Ta Kawo

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya yara? Muna lafiya.

Kin ɗauka a tirela muke kwana. Gida ne sosai, ƙera shi aka yi a masana'anta, mota ta kawo mana shi nan Summerfield, inda muke zaune. Mutanenmu na nan ma raina shi suke. Alhaji Sani ya ce 'ya'yansa ba za su yi karatun da nake koyarwa ran Asabar a akwati ba.

Rannan ya leƙo, la'asar ta yi. Yana karkata darduma kamar a gidansa, na ce, "Alhaji, miƙe ta. Da za a sauke gidan, alƙibla na sa ya fuskanta." Ya yi dariya. Jiya ya kawo min yaran.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa. Ki zo ki yi salla a falona ki gani.

Ƙaninki,
Bashir