Ƙudan Zumarka da Butocin Masallaci

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Garba Mai Zuma.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi irin na ɗa ga ubansa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama. Ni ne Salisu, wanda kai kaɗai kake kira Sale. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwa da ka bar ta da shi. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake, ko da kana raye ma sai dai a karanta maka. Amma na gaji, Baba, kuma maganar da ke cina ba ta da wani mai ita sai kai.

Ba za ka gane lambunka ba in ka gan shi yanzu. Shekara guda bayan rasuwarka na kafa rumfa a tsakiyarsa, ƙarafa a tsaye, leda a sama, raga a gefe, don kada farin ƙuda ya shiga, kada kuma ruwan damina ya zubar da fure. Na ɗora tanki, na ja siraran tiyo da ke ɗiga ruwa a gindin kowane tsiro. Ko ɗigo ɗaya ba ya tafiya a banza. Kokwamba nake shukawa da kankana, har 'yan Maraɗi na tsallakowa su saya. Mutane kan zo su ɗauki hoto, ni kuma in tsaya ina bayani kamar ni na ƙirƙiro noma.

Ka tuna kwamin itacen nan da ke bakin rijiya, wanda kake juye ruwan guga a ciki? Ya tsage tun ina yaro. Kullum yana yoyo, gindinsa taɓo da gansakuka, ɗoɗɗoya ta fito ta kewaye shi. Da hantsi wurin ya kan cika da ƙudan zuma da rina da malam-buɗe-littafi, ba ka iya wanke ƙafa sai ka lallaɓa. Sau nawa na ce a toshe tsagar nan? Amsarka ɗaya ce: "Bar shi shi zuba, Sale, ba kai ɗai ka shan ruwan ga ba." Ni kuwa a raina na ce ƙiwar tsufa ce kawai aka yi wa ado da magana.

Shi na fara fitarwa da lambun ya dawo hannuna. Na faskara shi, Inna ta yi tuwo da shi kwana biyu. Na shafe wurin da siminti, na yi wa rijiya murfi, na tuge ɗoɗɗoyar don an ce kada a bar ciyawa kusa da rumfa. Na yi alfahari da tsabtar wurin, ba zan ɓoye maka ba.

Amya uku ka bari a kan gawo. Kowace safiya ina naɗe ragar gabas, ƙudan su shiga su bi furanni ɗaya bayan ɗaya, in hantsi ya yi in sauke. In ba su shiga ba, furen ya kaɗe ko kokwambar ta fito a lanƙwashe, ba mai saye. Aiki suka yi mini na shekaru, ban taɓa tambayar kaina inda suke shan ruwa ba. Da amya ta farko ta watse na ɗora wa maƙwabta laifi, na ce feshinsu ne. Da ta biyu ta bi ta na ƙara zagin maƙwabta.

Bazarar bana ta yi tsanani. Amya ta ukun ba ta gudu ba, sai ta nemo wa kanta ruwa a masallacin bakin tasha, inda manyan motoci ke jerin gwano suna jiran tsallaka iyaka. Famfon alwala yana ɗiga, ga butoci a jere. Ƙudan suka mamaye wurin, har cikin bakin buta suke shiga.

Malam Iro ladan suka fara harbi, a leɓe, yana kuskurar baki. Haka ya kira azahar da baki kamar an cusa masa goro biyar. Da muka haɗu bai yi faɗa ba, cewa ya yi, "Salisu, zumar Malam Garba ta taho salla, amma dai a koya mata sahu." Aka yi dariya, har da ni.

Bayan kwana huɗu suka harbi wani direba ɗan Nijar a wuya. Jikinsa bai ɗauka ba. Ya kumbura, numfashi ya riƙa sarƙe masa, aka ɗauke shi a guje zuwa asibiti. Allah Ya yi da sauran kwanansa, ya tashi. Daga ranar ba wanda ya sake dariya. Mai unguwa ya kira ni, ya yi mini magana a hankali saboda darajarka, ya ba ni zuwa Juma'a: ko ƙudan su bar masallaci, ko amyar ta bar gawo. Ya ce in ba haka ba, ba zai iya tare masu cewa a sa mata wuta ba. Bai zalunce ni ba, Baba. Da ɗan'uwana ne aka kwasa zuwa asibiti, da abin da zan faɗa ya fi haka.

Ba abin da ban yi ba a makon nan. Na jera robobin ruwa a gindin gawo, na zuba tsakuwa da karan dawa don su samu wurin sauka. Na sa sukari, tururuwa ta zo ta gode mini. Na huda tiyon da nake taƙama da shi da ƙusa, na bar shi yana zuba a ƙasa har ya yi taɓo. Na roƙi Inna ɗoɗɗoyar da ke bayan ɗakinta na dasa. Malam Iro ya yi ta kife butoci bayan kowace salla, amma wa zai hana matafiyi alwala? Ina tsaye a kan ruwana, ƙudan kuwa suna wucewa ta saman kaina, sun miƙe sak sai masallaci.

Na je Bugaje wurin amininka Malam Hamza, wanda kuke rataye amya tare. Ya saurare ni har na gama. Ya ce ƙudan zuma in ya saba da mashaya ba ya sake ta da wuri, kuma ya fi son ruwan da ya kwana ya ɗauki warin ƙasa. Ya ce, "Ruwanka ya cika tsabta, ɗana. Kwana bakwai ba su gyara abin ga." Bai ambaci kwamin ba, na kuwa san ya lura babu shi tun zuwansa na bara.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba Malam Hamza ya zo, muka sauke amyar. Ya toshe bakinta da tsumma, na hau don in kwance igiya. Ƙullinka ne, na yi na yi ya ƙi kwantuwa, sai da na sa wuƙa. Muka ɗaure ta a bayan babur ɗinsa, tana ta gunji a ciki, ya tafi da ita Bugaje. A can akwai gulbi kusa, kuma zai kula da ita fiye da yadda na yi.

Yanzu ni ne ƙudan zuman lambunka. Da sassafe nake shiga rumfa, in tsinki namijin fure in goga a kan macen, mai ɗan ƙulli a bayanta, ɗaya bayan ɗaya, a duƙe, har leda ta ɗau zafi ta kore ni. Layi goma sha biyu ne, ban taɓa wuce biyar ba. Bayana kamar zai rabe.

Amma ba ciwon baya ya sa na zauna rubutu ba. Ashe akwai ƙudan da suka riga suka fita kafin a toshe bakin amyar. Suka dawo suka tarar ba gida. Suna ta kewaya reshen da ragowar igiyarka ke lilo, su sauka, su tashi. Da rana ta take, sai na ga sun sauko kan taɓon da na yi, sun jeru suna sha. Sai yanzu, Baba. Malam Hamza ya ce ba za su daɗe ba tunda ba uwarsu. Ranar Juma'a sun fi talatin. Yau Lahadi na ƙirga bakwai, kuma na kasa rufe tiyon.

Ka yafe mini. Ka faɗa mini gaskiya ban ji ba, na watsar da abin da ka shekara talatin kana kiwo.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka kabari, Ya haskaka shi. Allah Ya sa duk ƙwaron da ya taɓa jiƙa maƙoshi a gindin kwaminka ya zame maka lada. Ya shayar da kai daga Alkausara, shan da ba ƙishirwa bayansa. Amin.

Ɗanka,
Sale
Jibiya