Sukari a Tukunyar Mama

Mayaro, 12 ga Yuli, 1993

Zuwa ga maigidana, Baban Anjanie,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aikin gonar tuffa, yaya kuma bayan nan naka da hawan tsani? Ka gaida mutanenmu da kuke ɗaki ɗaya a can Kanada. Mu nan lafiya lau, sai ruwa da ake ta yi kamar da bakin ƙwarya. Anjanie ta gama jarrabawa, ba abin da take yi sai barci da shan mangwaro.

Hollis, akwai maganar da na daɗe ina juyawa a raina, yau dai sai na faɗa maka. Lahadi uku ke nan a jere pelau ɗin Mama, dafa-dukan nan nata na shinkafa da kaza, yana ɗaci. Ba kazar ba ce, ba shinkafar ba ce, sukarin ne. Kai ma ka sha tsayawa a ƙofar kicin kana kallonta: ta zuba mai a tukunyar ƙarfen nan, ta watsa jan sukari, ta tsaya a kansa har ya narke ya yi kumfa, sannan a daidai lokacin da ita kaɗai ta sani ta juye kazar, ƙamshi ya kai har bakin titi. To yanzu lokacin nan wuce ta yake yi. Sai sukarin ya yi baƙi ƙirin yana hayaƙi take zuba naman. Muna ci muna korawa da ruwa, ba mai cewa uffan. Wa zai dubi Mama Eutrice ya ce mata sukarinta ya ƙone? Ni dai ba da bakina ba.

Jiya Yaya Verna ta zo daga San Fernando cin abincin Lahadi, sai tsautsayi ya sa tsumman sauke tukunya ya kama wuta a hannun Mama. Ba ta gani ba sai da zafi ya taɓa ta. Na fizge na jefa a bokiti. Ƙunar ba ta fi kan ɗan yatsa ba, na shafa mata man kwakwa, amma ka san yayarka. Ta ja ni baranda ta ce, "Shi ke nan, an gama! So ake sai ta ƙone gidan da ku a ciki? Zan rubuta wa Hollis, shi kaɗai take jin maganarsa. Ya hana ta zuwa kusa da murhu, ke ki karɓi kicin ɗin." Likitan ido ya riga ya ce yanar ido ce ta rufe wa Mama idanun biyu, kuma sai baɗi layin aikin zai iso kanta.

Na san za ka yi dariya ka ce ai abin da nake nema ke nan. Gaskiya ne, shekara goma sha takwas ina kankare kwakwa, ina gyaran ganyen gwaza, ina wanke tukunyar nan, amma ban taɓa riƙe cokalinta tana kan wuta ba. Kullum sai ta tuna mini ni 'yar Indiyawan garin Penal ce, ta ce, "'Yar Penal, hannunki kori ya sani, je ki murza rotinki, gurasarku ta gado." A shekarun farko na sha kuka a bayan tankin ruwa, kai shaida ne. Amma wallahi da Verna ta faɗi maganar, ba daɗi na ji ba. Ina son tukunyar, amma ba ta wannan hanya ba. Matar nan in aka raba ta da murhu, me ya rage mata?

Don haka roƙona ɗaya ne. In takardar Verna ta iso, kada ka yi saurin amsawa. Ka ba ni lokaci in ga abin da zan iya.

Kwalbar niƙaƙƙen ganye da na sa maka a jaka, ka riƙa rufe ta da kyau, kuma ka daina rabar da ita ga duk wanda ya yi maka murmushi. Anjanie tana gaishe ka. Allah Ya tsare mana kai.

Taka,
Chandaye

Mayaro, 17 ga Agusta, 1993

Maigida Hollis,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jiki, yaya aiki? Na ji daɗi da ka ce bayan ya yi sauƙi. Takardarka ta iso ranar Juma'a, na karanta ta sau uku, sau biyu ina jin haushinka. Ka ce Verna ta yi gaskiya, amma ka ba ni zuwa ranar walimar godiya, in abin bai gyaru ba za ka rubuta wa Mama da kanka. Mutum yana can bayan teku yana yanke hukunci kan murhun da ko shayi bai taɓa dafawa a kai ba! To na karɓa. Sati uku da 'yan kwanaki ne, kuma ka san me ranar nan take a wurinta. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa fashin ciyar da unguwa ba tun da kwalekwalen mahaifinka, marigayi Baba Cuthbert, ya dawo bayan kwana uku da ɓata.

Yanzu bari in faɗa maka wautar da na yi. Na shiga kanti na sayo ƙonannen sukari na kwalba, irin wanda malalata suke ɗigawa a miya. Ran Lahadi na lallaɓa na rage mata wuta don kada nata sukarin ya kai ga ƙonewa, da ta juya neman gishiri na ɗiga na kwalbar a kan kazar. Launi ya fito ras, har ina yaba wa kaina. Muka zauna, ta kai loma ɗaya baki, ta ajiye cokali. Ta ce, "Wa ya sa mini kwalba a tukunya?" Anjanie ta sunkuyar da kai, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ce, "Idona ne ya mutu, 'yar nan, ba harshena ba. Uwata ba ta ci na kwalba ba, ni ma ba a kansa zan ƙare ba." Ta tashi ta shige ɗaki.

Kwana shida, Hollis, ba ta leƙa kicin ba. Ni na yi ta girki, kicin ya zama nawa ni kaɗai yadda Verna take so, kuma ban taɓa cin abinci marar daɗi irin na satin nan ba. Tana zaune a kujerar taga, hannuwa a cinya, ba rediyo, ba faɗa. Ko da na bar attaruhu ya fashe a miyar kalalu ta ganyen gwaza kafin in burga, abin da a da sai maƙwabta sun ji, ture kwanon kawai ta yi. Biredi da shayi kawai take ci. Rigarta ta fara yi mata yawa. Da ka gan ta a satin nan da ba ka rubuta abin da ka rubuta ba.

Ran Asabar da hantsi na kasa daurewa. Na ɗauki tiren wake na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ina ɓarewa, na ba ta haƙuri. Ta miƙo hannu ta ɗebi waken ta fara ɓarewa ita ma. Can ta ce, "Kina tsammanin ban san yana ɗaci ba? Tun ranar farko na sani. Ina jin ƙarar kumfar, ina jin ƙamshin, amma kafin hanci ya gaya mini, ya riga ya wuce. Cikin tukunyar duk duhu nake gani." Na ce, "To Mama, ki ari idona mana, ai zaman banza yake yi." Ta ja tsaki ta ce idon da ya saba da kori me ya sani. Amma da yamma na ji tana tambayar Anjanie ko akwai sauran jan sukari a gwangwani.

Gobe za mu gwada. Ban yi maka alkawarin komai ba, tsoro nake ji sosai. Ka sa mu a addu'a, ka kuma riƙa sa rigar sanyin nan da safe.

Matarka mai kewarka,
Chandaye

Mayaro, 13 ga Satumba, 1993

Zuwa ga Hollis nawa,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta ƙoshi. Da fatan kana lafiya, kuma tuffar ta kusa ƙarewa a bishiya don a sako mana kai. Mu nan kowa lafiya, sai gajiyar walima. Ka nemi wuri ka zauna, labarin da tsawo.

Gwajinmu na farko bai yi kyau ba, na biyu ma haka. Ni ina tsaye ina cewa ya yi ja, ita tana cewa wane irin ja, jan bulo ko jan shayi? Kafin mu gama musu ya ƙone. Sukarin da muka ɓata a satin nan, tururuwan bayan gida ne suka ci riba. A rana ta huɗu ta buga cokali a bakin tukunya ta ce, "Tsaya, ke ba ki san launi ba, amma ai kin san mutane. In ya kai launin Anjanie, ki ce mini in shirya. In ya kai launin mijinki, ki yi magana in zuba. In kuwa kika bari ya kai launin Cuthbert, to mu wanke tukunya. Allah Ya ji ƙansa, duk Mayaro ba wanda ya kai shi kyau, amma ba a cikin tukunya ba." Na yi dariya har na riƙe ciki, ita ma ta yi, karon farko tun tafiyarka.

Ka san abin mamaki? Daga ranar ban ƙara kuskurewa ba. Ashe duk duniya ba launin da na haddace irin naka.

Ran Asabar aka yi walimar. Tun da sassafe muka wanke kaji takwas da lemun tsami, suka sha niƙaƙƙen ganye da tafarnuwa. Aka kafa babbar tukunya a kan duwatsu a tsakar gida. Verna ta iso da wuri, ta ja kujera ta zauna daf da mu, jaka a cinya, kamar mai duba jarrabawa. Mama ta ɗaura ɗankwalinta fari, ta riƙe dogon cokali, ni ina gefen kafaɗarta, na kawar da duk wani tsumma daga kusa. Ta watsa sukarin. Sukarin babbar tukunya kuwa ba ya jiran kowa. Ya narke, ya taso da kumfa, na ce, "Anjanie!" Yarinyar ta amsa daga baranda ta taho da gudu, Mama ta ce, "Ba ke ba, koma!" Na ƙura ido, kumfar tana ƙara duhu daga gefe zuwa tsakiya, sai ga ka nan sak, launin wuyanka in ka dawo daga bakin teku. Na ƙwala, "Hollis!" Verna ta zabura ta juya tana duban ƙofar gida, ta zaci kai ne ka dawo. Mama kuwa ta juye kazar, tukunya ta ɗauki ƙara, ƙamshin nan da muka yi wata biyu ba mu ji ba ya tashi.

Sauran duk ita ta yi abinta. Wake, kabewa, shinkafa, madarar kwakwa, ta ɗora attaruhu guda a sama ta rufe. Ba ta nemi idona a nan ba, da hanci da kunne ta ƙarasa. Yara sun fi arba'in, ban da manya, aka yi addu'a aka ci. Ina kallon Verna ta kai lomar farko, ta tauna a hankali, ta kai ta biyu, sai ta ciro hankici ta ce hayaƙi ne ya shiga mata ido. Da za ta tafi ta cika roba biyu, ta tsaya a bakin mota ta ce mini, "Ki dai riƙa kawar da tsumman." Maganar murhu ba ta sake fitowa daga bakinta ba, kai ma kada ta fito daga alƙalaminka.

Da aka watse Mama ta sa aka kawo mata tukunyar, ta kankare ƙanzon da kanta. Ka san tun kana yaro kai take ajiye wa, in ba ka nan ta ba Anjanie. Ta tara shi a faranti ta turo gabana ta ce, "Ci, ido ma yana jin yunwa." Na ci ina hawaye, ban rage ko ƙwaya ba. Har yanzu ban riƙe cokalin ba, kuma na gane ba na ma so. Wurin da nake tsayawa ya ishe ni.

Saura kai. An ce sanyi ya fara sauka a can, rana ba ta daɗewa. Don Allah in ta fito ka riƙa tsayawa a cikinta ko na ɗan lokaci ne. Kada ka dawo mana a koɗe, Hollis, da kai muke auna sukari a gidan nan, kuma duk Lahadi sai na kira sunanka da ƙarfi a kicin, ba ka amsawa.

Mama ta ce a gaishe ka, ta ce ka taho mata da safar sanyi. Allah Ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Chandaye