Gwangwanin Gishirin Kaka

Litinin, 3 ga Maris
Yau muka kwashe kayan ɗakin Kaka. Umma ta ce a daina jan ƙafa, mai ɗakin ta tafi, Allah ya ji ƙanta. Ina naɗe mayafinta sai ƙanshin man zafin nan nata ya buge ni, na zauna daɓas a ƙasa. Ita ta goye ni Umma tana wurin aiki. Ita ta laƙaba mini Sarkin Tsoro, don ko ƙadangare na gani sai na ƙwala ihu. Amma a shekararta ta ƙarshe sai ta ƙura mini ido ta ce, "Yarinya, ke 'yar wace ce?" Ban taɓa gaya wa kowa yadda tambayar nan take sukata ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Miyar Umma ta yi gishiri, ba ɗan kaɗan ba. Yaya yana ta kwankwaɗar ruwa yana dariya, ni kuwa sai na tuna Kaka. Da gishiri ciwon mantuwar Kaka ya fara. Ta zuba, ta manta, ta sake zubawa. Da ta gane, sai ta yi wa kanta dabara: tana zubawa sai ta rufe gwangwanin ta kife shi. "In kin gan shi a kife, na zuba," in ji ta, tana dariya kamar ta ci gasa. Dabarar ta yi mata aiki har ranar da ta tsaya tana kallon gwangwanin a kife, ta tambaye ni wane shashashan ne ya ajiye shi haka.

Lahadi, 9 ga Maris
Gajiya ce kawai. Wa bai taɓa cika gishiri ba?

Talata, 11 ga Maris
Mukullin gida a cikin firji. Ni na gan shi, na maida shi kan ƙusa. Da rana kuma Umma ta kira ni da sunan ƙanwarta, ta gyara da sauri. A shago na ɗinke hannun rigar mutane a baibai, mai shago ta ce, "Ke lafiyarki kuwa?" Ina fa lafiya. Gabana sai faɗuwa yake yi.

Juma'a, 14 ga Maris
Na gaya wa Yaya. Ya ce, "Kai, Sarkin Tsoro, Kaka ba ta yi ƙarya ba! Mutum ya rasa uwarsa, ba zai ruɗe ba?" Shi da ba ya gida lokacin da Kaka take ɓuya a bayan ƙofa wai baƙi sun cika mata ɗaki, alhali mu ne. Na duba a waya, wai wani lokaci abin yakan bi jini. Da na sani ban duba ba.

Asabar, 15 ga Maris
Na kama yi wa Umma tambayoyi a fakaice. Yau wace rana ce, me muka ci jiya. Ta aje tsintsiya ta ce, "Ke, ni kike yi wa jarrabawa?" Kunya kamar in nutse.

Ina so in tuna Kaka ta da, mai yi mini kitso tana ranƙwashina in na motsa, ta gama ta cusa mini alewa a hannu wai kada Umma ta gani. Amma da na rufe ido, waccan nake gani, mai kallona kamar baƙuwa. Ya Allah, ba zan iya sau biyu ba. Wallahi ba zan iya ba.

Laraba, 19 ga Maris
Gwangwanin Kaka yana kicin. Shuɗin nan mai lotsattsen gefe, wanda ni da hannuna na sa cikin kayan da za a bayar. Kuma a kife yake. Na tsaya ina kallonsa.

Asabar, 22 ga Maris
Na laɓe a bakin kicin ina kallo. Umma ta zuba gishiri, ta rufe gwangwanin, ta kife shi, sak yadda Kaka take yi. Ta juyo muka haɗa ido. Na ce, "Umma, tun yaushe?" Ta ce tun Kaka tana da rai ta fara lura tana mantuwa, ta ɓoye ne don ta san halina. Sai ta zauna a kan kujerar tsugunno ta ce, "Tsoro nake ji."

Umma! Matar da ta wanke uwarta, ta ba ta abinci a baki, ko sau ɗaya ban ga hawayenta ba. Ashe duk kwanakin nan mu biyu muke ta fargaba a gida ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa. Na durƙusa na riƙe hannunta, yana wari-warin albasa. Na ji bakina yana cewa jibi za mu je asibiti, ni zan kai ta. Ban san daga ina muryar ta fito ba.

Litinin, 24 ga Maris
Mun je. Likita ta ɗebi jini, ta yi tambayoyi, ta ce ba za ta yanke magana ba tukuna, zai iya zama wani abu daban, zai iya zama irin na Kaka. Ni na yi ta tambayarta, har Umma tana taɓa ni wai ya isa.

Da yamma ina yanka albasa ta tsaya riƙe da ludayi ta ce, "Na zuba?" Na kalli gwangwanin, yana kife, na ce, "Kin zuba, Umma." Miyar ta yi daidai.

Har yanzu gabana yana faɗuwa, ba wai ya daina ba. Amma in ranar ta zo ta dube ni ta ce ke 'yar wace ce, zan ce taki. In ta sake tambaya, in sake faɗa.