Chembar da Na Gina a Gidan Kawu

Malam, don Allah ka taimake ni, na rasa inda zan sa kaina. Shekara huɗu ina bin maigidana wurin gini. Aikin farko da na yi ni kaɗai shi ne chembar gidan kawuna, ɗan ramin nan mai murfi da ake buɗewa a duba bututun ƙazanta idan ya toshe. Kawu ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Da wani magini ya zo neman aikin, cewa kawu ya yi ai yana da nasa maginin a gida.

Na haƙa ramin ya zarce bakin bututu da taƙi biyu, a tunanina zurfi shi ne inganci. Na jera bulo, na yi filasta har tana sheƙi. Yau sati uku, ƙazanta ta kwanta a ciki, bangon kicin ya fara jiƙa, wari ya kori matar kawu ta koma girki a ƙofar ɗaki. Ƙannena suna kirana Injiniya suna toshe hanci. Kawu bai ce uffan ba. Jiya da na gaishe shi, tambayata ya yi ko na ci abinci. Da ma zagina ya yi. Kwana tara ban taɓa cokalin gini ba, ina ganin ba a yi ni don wannan sana'ar ba.

Naka, Wanda Hannunsa Ya Mutu

Ɗana, da yawa suna rikita chemba da sokawe, kai ma nan ka faɗa. Sokawe tara ruwa yake yi, chemba kuwa hanya ce, ba a son komai ya tsaya a cikinta. Maigidanka ya gaza da bai faɗa maka dalilin yin chemba ba, kai ma ka yi shekara huɗu kana kallo ba ka tambaya.

Ka kwashe ramin, ka duba bangonsa. In gaɓar bulo ta hau kan gaɓa a miƙe, ko akwai inda kwaɓi bai cika ba, ta nan ruwa ke bi, rushe shi. Jiƙa bulo kafin ka ɗora, kowane ya hau tsakiyar biyun da ke ƙasansa, kana awo a kowane layi. Cike zurfin nan da kankare har bakin bututu, ka fitar da kwata mai ɗan gangara daga mashiga zuwa mafita, gefe biyun su gangaro cikinta sumul.

Shirun kawunka ba zan iya fassara maka ba, amma ɓuya ba ta rage wari. Je ka da kanka ka ce ka yi kuskure, ranar kaza za ka gyara. Idan aikin ya bushe, zuba bokitin ruwa da ɗan garin katako ta bututun mashiga, ka tsuguna ka gani da idonka ko wani abu ya maƙale. Allah Ya yi wa hannunka albarka.