Kusurwar da ta Rage a Daɓen Inna

Inna,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Na san takardar nan ba za ta same ki ba. Ko da kina raye ma sai an karanta maki, kina katse mai karatun kina gyara masa magana. Amma cikina ya cika, kuma ba ni da wurin juyewa sai wurinki.

Gida lafiya. Baba ya rage zuwa gona, gwiwa ta hana shi. Yaya Sani ya mayar da iyalinsa Funtuwa, garinmu Ruwan Godiya ya yi shiru fiye da yadda kika bar shi. Ɗorawar bayan gida ta yi 'ya'ya bana, an sha garin an watsar da ɓawon. Wa zai jiƙa makuba yanzu?

Kin sha tambayata wane irin aiki nake yi a jami'a, ni kuma in ce ba za ki gane ba. Rashin kunya ce kawai, Inna. Aikina duba mahaɗa ne, wato daidai wurin da abu biyu suka haɗu, me ya sa wani ke kama wani, wani kuma ya saki. Muna yi tare da wasu masana, ɗaya a Japan, ɗaya a Jamus, wata mata a Brazil, muna ganawa ta kwamfuta. Abin da ya ɗauke masu hankali yanzu shi ne yadda ruwan makuba ke kama tsakuwa da jar ƙasa har daɓe ya yi shekara da shekaru bai tashi ba. Hoton abin da ya rage na daɓenki na nuna masu, tun ranar ba su bar ni na huta ba.

Sun tambaye ni kwana nawa ake jiƙa ɓawon, sau nawa ake yayyafawa, yaushe ake ajiye madaɓi a bar ƙasa ta sha. Ko ɗaya ban sani ba, ni da na girma ina jiyo bugun madaɓinku tun daga rijiya. Na je Sheme wurin ƙawarki Iya Tabawa, ta ce ita bugu kawai ta iya, ke ce mai haɗin, kuma da ɗanɗanawa kike gane ya yi. To wace na'ura ce za ta ɗanɗana mana?

Ga abin da ban taɓa ba ki haƙuri a kai ba. Shekarar da na fara aiki na turo magina suka farfashe daɓen ɗakinki suka zuba siminti. Ina ta washe baki, wai na yi wa uwata gata. Kin sa mani albarka, amma na ga kin daɗe tsaye a bakin ƙofa kina kallon ɓaraguzan da ake kwasa. Simintin bai yi damina uku ba ya tsattsage.

Kusurwa ɗaya ce ta tsira, ƙarƙashin gadonki, don ƙyuya ta hana su jan gadon. Watan jiya na ɓamɓaro ta, ba ta fi tafin hannu biyu ba. A lungun da madaɓi ba ya kaiwa da yatsu kika danne, sawunsu huɗu na nan. Na sa nawa a ciki, naki sun fi faɗi.

Kusurwar nan ce masanan suke so in aika masu. Za su yanka ta siriri-siriri su leƙa cikinta, ko ɓurɓushi ba zai dawo mani ba. Mako uku ke nan tana cikin jakata, ina ce masu takardun aikawa ne ba su kammala ba. Ƙarya nake yi. In na riƙe ta ina da yatsunki, amma haɗin ya bi ki kabari. In na aika, wataƙila a gano shi, wataƙila kuma in tashi babu wannan babu wancan. Da ke ce, ya za ki yi? Ai na san ki, ba kya ɓoye abin da zai yi wa wani amfani.

Gobe da hantsi zan kai ta. A takardar aikawar akwai wurin da aka ce a rubuta wanda ya yi. Shekara talatin da takwas ban taɓa kama sunanki ba, ko mai sunanki na haɗu da ita sai in kauce. Yau na rubuta shi cikakke.

Ki yafe mani, Inna. Ina kewarki ƙwarai. Allah ya kai haske kabarinki.

Ɗiyarki,
Binta