Kwana Tara a Ƙafar San Roque

Santa Rita, 3 ga Satumba

Zuwa ga 'yata Rutilia,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jikinki, yaya aiki, yaya Amurkan? Allah ya sa kina cin abinci. Uwar baftismarki Fermina ce ke rubuta mini, na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara. A rumfar waya ba zan iya wannan magana ba, kowa kunnensa a buɗe.

Rutilia, babanki ne. Kin san bayan nan nasa. Shekara talatin yana dako da igiya a goshi, yau shekara shida bai miƙe ba. Kin san yawon da muka sha: wannan likita ya ba shi ƙwayar ciwon kai, wancan ya ce tsufa ne, har wani ya ƙare masa kallo ya ce irinsu maye suke nema. Babanki fa, da ko giyar biki ba ya shanye kofi ɗaya! Tun faɗuwar damina ko bayan gida sai na tallafe shi.

To an kawo sabuwar likita a garin Xela, Likita Marroquín. Ta daɗe tana duba shi, ta rubuta takarda, ta ce a kai babban birni a buga mata hatimi, sannan a sayi maganin. Da muka dawo Fermina ta karanta mini sunansa. Morfin ne, 'yata. Shi aka ba Don Anacleto, kwana uku aka binne shi. Shi aka ba Tomasa. Kowa a Santa Rita ya san wa ake ba wannan magani. Likitar ba ta faɗa ba, amma ai ba sa faɗa.

Ban gaya wa babanki ba. Na auna shi da zare yana barcin rana, na kai wa Don Lencho kafinta ya fara akwatin gawa. Na san in kin taso ba ki da takardar komawa, amma in kina so ki same shi da rai, ki taso.

Takardar kuwa na san inda zan kai ta.

Mahaifiyarki,
Eusebia

Santa Rita, 16 ga Satumba

Rutilia 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Kada ki taso! Na sa an buga miki waya, amma ga yadda aka yi. Don Hilario mai kula da coci ne ke rubutawa, don Fermina ta ce ba ta ƙara riƙe mini biro sai fushinta ya sauka.

Babanki ba mutuwa zai yi ba. Ki sake karantawa. Ba zai mutu ba.

Ni ce na yi wauta. Kin san yadda muke yi da takarda mai nauyi, ta gona ko ta kotu. Na kai ta coci na cusa ƙarƙashin mayafin gunkin waliyyi San Roque, na yi masa alkawarin kyandir kwana tara, ko ya ɗauke mana wannan hukunci. Kullum babanki sai ya ce, "Eusebia, ina takardar?" in ce ofishin a rufe yake. Ƙarya na yi masa, Allah ya yafe mini. Ran na takwas na shigo da kunu na same shi ya ciji bargo don kada in ji kukansa. Ya ce, "Tsohuwa, ko guba ce, kawo mini." Duk da haka na cika kwanan nan, don tsoron saɓa wa waliyyi.

Da na ɗauko ta, ni da Fermina muka yi awa biyar a mota zuwa ofishin hatimi a babban birni. Mutumin da ke bayan gilashi ya duba kwanan wata, ya turo mini ita, ya ce ta mutu. Ashe irin wannan takarda kwanakinta kaɗan ne. Na ce ai a wurin San Roque ta kwana. Ya ce San Roque ba ya aiki a nan. A kan matakala na zauna ina kuka. Fermina ta yi ta yi mini faɗa har muka iso Xela.

Na shiga wurin likita ina zaton korata za ta yi. Na faɗa mata komai, har akwatin. Ta riƙe baki, sannan ta riƙe hannuna. Ta ce, "Doña Eusebia, wa ya ce miki mijinki zai mutu? Zuciyarsa ta fi tawa lafiya, ƙashin bayan ne ya lalace." Ta ce ba maganin ne ya kashe Anacleto ba, a ƙasar nan ba a samunsa ne sai mutum ya riga ya kama hanya. Ta rubuta sabuwa, ta ce in ina so waliyyi ya gani, in ɗaga masa daga bakin ƙofa in wuce.

Gobe da asuba za mu koma. Don Hilario yana gaishe ki, ya ce da ya san abin da ke ƙarƙashin mayafin nan da tuni ya kawo mini gida.

Taki,
Eusebia

Santa Rita, 28 ga Nuwamba

'Yata ta kaina,

Ina fata kina lafiya kamar yadda muke. Fermina ta huce, ga rubutunta kin gani.

An buga hatimin. Kemis biyu suka ce babu, ɗaya ma ko takardar bai taɓa ba, kamar wuta na miƙa masa. A na uku muka samu, na dangwala yatsa a littafinsu har sau biyu.

Ba zan ɓoye miki ba, ran da na fara ba shi maganin ban yarda da maganar likita ba. Na jawo kujera na zauna ina ƙirga kwanakin Anacleto. Ɗaya, biyu, uku. Ran na huɗu ya tashi zaune da kansa, ya ɗanɗana wake, ya ce, "Eusebia, gishiri ya ƙare a duniya ne?" Rutilia, shekara shida mutumin nan bai kushe girkina ba. Na fita bayan ɗaki na yi kuka har kaji suka watse.

Ciwon bai tafi ba, amma ya fita ya zauna a bakin ƙofa. Maganin yana ɗaure masa ciki, kullum sai gwanda, yana ci yana mita. Duk wata sai na sake wannan tafiya, kuma duk lokacin da na tsaya gaban gilashin nan ina tsoron ranar da za a ce babu. Amma yanzu ko kwana ɗaya takarda ba ta yi a hannuna. San Roque yana samun kyandirinsa daban.

Sai shekaranjiya Don Lencho ya kawo akwatin, ni har na manta. Babanki yana tsakar gida yana ɓare masara. Ya dubi akwati, ya dube ni, ya ce, "Lencho, da mutuwar na yi, wata uku zan jira ka?" Sannan ya ce sai ya gwada. Na roƙe shi ya ƙi. Ya shiga ya kwanta, ƙafafu suka ƙi shiga, sun wuce da taƙi guda. Ya ce, "Tsohuwa, shekara arba'in da biyu ba ki san tsawon mijinki ba?"

Na sani mana. A tanƙware na auna shi, 'yata. Yanzu ya miƙe.

Mun zuba masarar bana a ciki, ɓera ba ya iya shiga. Ki zauna ki yi aikinki, ki riƙa sa rigar sanyi. Babanki ya ce in gaya miki ba ya sauri.

Mahaifiyarki mai tuna ki kullum,
Eusebia